GAWAR DA TA ZAUNA AKA ZANA TA

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar ku a rataye, na gani, na kuma amsa laifina. Ke kuma da kika rantse kin daina karantawa saboda tsoro, 'yar uwa, yau ma sunanki na fara gani. Ku gyara zama.

*

Keziah ba ta jira mai babur ya gama tsayawa ba ta diro, saura kaɗan ta bar takalmi ɗaya a titi. Rana ta take, tashar Zuru cike da hayaniyar masu lodi, amma ita sanyi take ji har cikin ƙashinta.

Shagon Lukuman mai zane yana nan a bayan tasha, inda yake tun tana firamare. Allunan shaguna jingine da bango, warin fenti da kananzir, shi kuma yana tsugune yana rubuta sunan wani kantin magani. Aminin yayanta Francis ne, tare suka tashi. Tun da aka yi addu'ar mutuwar Francis a coci shekara goma da suka wuce, bayan an aiko daga wurin aikin soja cewa ya rasu a daji ba a samu gawa ba, Lukuman bai ƙara taka gidansu ba.

Duk abin nan kuwa musu ne ya jawo shi. Keziah dai in musu ne, ko ciwon haƙori take yi sai ta tanka.

Jiya da yamma ne aka tayar da zancen tsofaffin labaran zane na intanet a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarsu, irin na zamanin da sai ka je kafe, shagon intanet, kafin ka karanta. Yazid, mai sayen hatsi a ƙauyuka, ya ce ba komai a cikinsu sai tarkace: baƙi da fari, layi a karkace, zombi, gawar nan mai tafiya, kamar wanda ya faɗa kwata. Na yanzu su ne zane, ga kala, ga jini kamar ka taɓa. Wata ta ce ita abin da take tunawa shi ne yadda hoton yake buɗewa a hankali, daga goshi ya sauko ido, kana zaune kana jiran ka ga bakin. Wannan jiran ya fi zanen kansa ban tsoro.

Keziah ta ce duk cikinsu ba wanda ya san tsoro. Akwai wani na nan gida mai suna Waɗanda Ƙasa Ta Ƙi, wanda ba a taɓa sanin mai zana shi ba. Matattun cikinsa ba sa cin kowa, ba sa bin kowa da gudu. Tashi kawai suke yi su kamo hanyar gida, mace da zanin zumuntar matan coci da kwano a ka, tsoho da fartanya a kafaɗa, su je su zauna inda suka saba zama. Fuskokinsu kuma irin waɗanda kake gaisawa da su a kasuwa.

Yazid ya ce ta kawo shaida.

Baiwar Allah ta bar tuwonta ya huce, ta tona intanet har ta samo tsohon shafin. Ta ɗauko zane na ƙarshe, wanda ita kanta ba ta taɓa gani ba don ta daina bi tun rasuwar Francis, ta watsa shi a guruf mai mutum ɗari biyu da wani abu. Ta kwanta da daɗin ta ci musu.

Sai yau da hantsi, tana wurin aiki, ta buɗe hoton da yatsu biyu don ta ƙara jin daɗin nasararta. Abin da ta gani ne ya ɗora ta a kan babur.

Ko sallama ba ta yi ba ta miƙa masa wayar har kusa da hanci.

"Yaya Lukuman, ɗan ƙadangaren ga naka ne."

A kusurwar zanen, can ƙasa, akwai ɗan ƙadangare da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Irinsa ne a kusurwar kowane allo da ke jingine a shagon.

Lukuman ya dubi wayar. Fenti ya ɗiga daga burushinsa ya ɓata harafin da ya gama yanzu, bai ko kula ba. Ya miƙe a hankali, ya leƙa waje hagu da dama, ya jawo ƙyauren shagon ya bar 'yar kafa kaɗan.

"Ina kika samo wanga, Kezi?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Na zaci shafin ya mutu tuni."

"Bai mutu ba." Ta ƙara buɗe hoton, ta nuna masa na uku daga hagu cikin jerin matattun, wanda yake zaune a kan dutse su kuwa sauran suna tsaye. "Wane ne wanga?"

Ya ajiye burushin.

Ba sai ya faɗa ba. Ga haƙorin nan na gaba da ya gutsure a kokawar bikin Uhola. Ga kunnen hagu da ya ɗan fi na dama fitowa, wanda take ja in tana son ta ba shi haushi. An ramar da shi, an zurma idanun, amma Francis ne.

Ta fara faɗa, hawaye na zuba. Ta ce ashe shi ya sa ya daina zuwa gidansu. Mutum ya mutu a daji, ko gawarsa uwarsa ba ta gani ba, shi kuma amininsa ya ɗauke shi ya sa cikin dodanni don mutanen intanet su ji daɗi. Bai ma bar shi haka ba, har da yanke masa yatsu biyu na hannun dama. Ta ce ta duba kwanan watan da ke ƙasan zanen, shekara biyu ne cif bayan addu'ar. Sannan ta sassauta murya, don abin da ya fi ba ta tsoro ke nan: a shafukan baya ta gane Talatu mai waina, ta gane tsohon nan mai gyaran keke, kuma dukansu sun mutu.

"Kai kake zana su sannan su mutu, ko kuwa mi? Ka gaya mani gaskiya."

Lukuman ya zauna a kan gwangwanin fenti. Ya ce Talatu ta fi shekara saba'in lokacin da ya zana ta, mai keke kuma tari ya daɗe yana cin sa, ba zanen kowa ya kashe su ba. Ya nuna mata ta kafar ƙyauren, can inda fasinjoji suke zaune a benci suna jiran mota ta cika. Ya ce daga nan yake samun fuskokinsa. Mai jiran mota yakan yi awa biyu bai motsa ba, idonsa a waje ɗaya, hankalinsa yana gida. Shi kuwa sai ya ɗauki fensir. Abin da ya sa nasa matattun suka fi na Turawa shiga rai ke nan, ba ƙirƙirar su ya yi ba.

"Ni ban iya zane daga kai ba, Kezi. Daga hoto ma ban iya ba. Ko uwata, in ba ta zamna gabana ba, ban iya fitar da fuskarta."

Keziah ta buɗe baki za ta ce wannan ba amsa ba ce, sai wani abu ya faɗo mata.

Satin addu'ar Francis. Mama ta aike ta nan shagon da hotonsa na kakin soja, a zana babba a kafa a gaban coci. Lukuman ya riƙe hoton ya daɗe yana kuka, sannan ya mayar mata ya ce ba zai iya ba. Mama ta ɗauka wulaƙanci ne, har yau in an ambaci sunansa sai ta kau da kai.

Bai iya ba a lokacin. Bayan shekara biyu kuma ya iya.

Ta dafa bango, ɗanyen fenti ya manne mata a tafin hannu.

"Yaya Lukuman."

"Na'am."

"Francis fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya zamna. Awa biyu da rabi, bisa dutsen nan da kike gani."

Duk shafukan da ta karanta tana yarinya suka dawo mata lokaci ɗaya, matattu a jere a bakin hanya suna komawa gida. Da ƙyar ta haɗa kalmomin.

"Fatalwarsa ce ta zo maka?"

"Ya ci tuwo malmala biyu gabana kafin mu fara. Shina da rai, Kezi. Watan jiya ma na kai mai gishiri da maganin ciwon ƙafa."

Ba ta yi ihu ba. Zamewa ta yi ta zauna a ƙasa cikin ƙurar shagon, da kayan aikinta masu guga. Ni kaina da nake ba ku labarin, a nan na tausaya mata, don ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

Lukuman ya ba ta labarin da murya ƙasa ƙasa, yana yi yana duban ƙofa.

Ranar da aka kai musu hari a daji, harsashi ya sami Francis a ƙafa. Motar da za ta fitar da su ta riga ta tashi. Ya ja jiki ya kama bayanta da hannu ɗaya, ƙafar tana jan ƙasa, yana kiran sunan wanda ke zaune a bakin motar, ɗan garinsu, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Direba yana ihu a rufe baya. Mutumin nan ya dube shi ido cikin ido, ya juya gindin bindiga ya dinga dukan hannun har ya saki.

"Yatsun nan ba ni na yanke su ba," in ji Lukuman. "Ban ƙara mai komi ba cikin zanen. Haka yaz zo."

Wasu makiyaya ne suka tsince shi, suka yi jinyarsa, yatsu biyu suka ruɓe aka cire. Ya fi shekara kafin ya iya taka ƙafar sosai. Da ya iso Zuru ranar kasuwa, fuska a naɗe da rawani, nan shagon ya fara zuwa. A nan ya ji cewa an yi masa addu'a. Ya ji cewa wancan mutumin ya rantse gaban manyansu ya ga fitar ransa, shi ya kawo jakarsa gida, shi ya riƙe Mama a coci da ta faɗi. Ya kuma ji cewa ya fara kai kayan gaisuwa gidan su Dinah, matar da Francis ya bari da aure wata bakwai.

Keziah ta ɗago a hankali. Mutum ɗaya ne ya kawo jakar. Mutum ɗaya ne ya auri Dinah. Ranar Lahadin da ta wuce ma shi ya kawo wa Mama doya.

"Philemon," ta ce.

Lukuman bai ce a'a ba.

Ta tambaye shi don me Francis bai fito ya tona masa asiri ba. Ya ce shi ma ya tambaye shi, har faɗa suka yi. Francis ya ce soja da ya ɓace fiye da shekara bai kai kansa ba, sunansa gudajje, kuma maganarsa ce shi kaɗai a kan rantsuwar Philemon. Ya ce Mama ta riga ta yi kukansa sau ɗaya, in aka zo aka tafi da shi a gabanta za ta yi na biyu, kuma ba za ta tashi ba. Sai Lukuman ya kai shi wurin wani tsohon manomi, Baba Japhet, a wani ƙauye bayan Dirin Daji. Can yake noma, sunansa Dawuda, ba ya riƙe waya.

"Ya taɓa zuwa Zuru bayan nan?"

"Kowace Kirsimeti. Shina tsayawa nesa da coci har a tashi, ya ga Mama, ya koma."

Keziah ta toshe bakinta. Shekara huɗu da suka wuce Mama ta fito daga coci ta tsaya cak, ta ce ta ga Francis a gindin mangwaro. Su Keziah suka riƙe ta, suka kai ta wurin fasto aka yi mata addu'a, aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta. Ita Keziah da bakinta ta ce mata ta daina ba su kunya a gaban mutane.

"To zanen fa? Don mi ka sa shi a intanet?"

Ya ce Francis ne ya roƙe shi. Ya ce tun da cikin matattu aka sa shi, a zana shi cikinsu, ko ba komai a ce yana wani wuri. A lokacin masu karanta labarin ba su fi mutum bakwai ba, yawancinsu ma ba 'yan Zuru ba ne, duk an koma masu kala. Ya sa shi, ya rufe labarin daga nan, bai ƙara waiwayar shafin ba.

Sai ya tsaya. Ya dube ta sosai, kamar yanzu ya fara ganinta.

"Kezi, ba ki ba ni amsa ba. Wa ya nuna maki shi?"



"Ni na nemo shi."

"Wa kika nuna ma?"

Ta juya masa wayar ya ga sunan guruf ɗin a sama, da yawan mutanen da ke ciki.

Lukuman ya ce innalillahi a hankali, sau ɗaya.

"Shina ciki?"

Philemon yana ciki. Ajinsu ɗaya da Francis. Bai taɓa cewa uffan a guruf ɗin ba, ko barka da Kirsimeti, shi ya sa ta manta da shi sam.

Ta ce bari ta goge yanzu yanzu, ai fuskar ƙarama ce, ita ma da take ƙanwarsa sai da ta buɗe hoton ta gane. Ko ya gane ma zai ɗauka daga tsohon hoto aka zana. Lukuman ya girgiza kai. Ya ce duk duniya mutum nawa ne suka san abin da ya sami hannun nan? Wanda ya ga fuskar zai ce zane ne. Wanda ya ga yatsun, in shi ya farfasa su, ya san mai zanen ya ga Francis bayan ranar.

Ta shiga guruf ɗin. Tun safe ba ta karanta saƙonnin ba, hoton kawai ta buɗe. Sun fi sittin. Masu cewa sun kasa cin abinci, masu cewa tsofaffin nan dai sun fi, masu roƙon ta turo sauran. Ta dinga wucewa da sauri har ta iso kan na Yazid, ƙarfe bakwai da minti goma.

Ya rubuta cewa ya janye maganarsa, Keziah ta ci. Ya ce abin da ya kashe shi ma ba matattun ba ne, bayan zanen ne. Dutsen nan mai tsaga a tsakiya da kukar da ta karkata a gefensa, ai ya san wurin, bayan Dirin Daji ne, yana sayen dawa a ƙauyen duk kaka. Mai zanen nan ko waye, ya je wurin da ƙafarsa.

Keziah ta ɗago ta dubi Lukuman.

"Har dutsen?"

"Na gaya maki," ya ce. "Ban iya zana abin da ba shi gabana."

Ƙarƙashin saƙon Yazid akwai wani gajere. Lambar da ba ta taɓa magana ba.

A ina daidai?

Yazid kuwa, mutumin kirki, ya zage ya yi kwatance. In ka wuce gada ka yi hannun hagu, ka bi hanyar shanu, ka tambayi gidan tsohon nan mai amyar zuma da yawa.

Ta goge hoton duk da haka, ko da yake ta san aikin banza take yi. Sannan ta kira Dinah. Sai da ta yi ƙoƙari ta daidaita murya kafin ta gaishe ta, ta ce tana neman Yaya Philemon ne, Mama ce ke son ganinsa.

Dinah ta ce ai ya fita tun ƙarfe takwas, ko karyawa bai yi ba. Ya ce za shi duba wata gona da ake son sayar masa wajen Dirin Daji.

"Ya tafi da bindigar farautarsa, wai ko ya ci karo da zabi. Kezi, lafiya dai? Na ji muryarki wani iri."

Keziah ta kashe wayar ba ta amsa ba. Agogon bangon shagon ya nuna sha biyu da kwata.

Lukuman ya riga ya ciro tasa wayar yana neman lambar Baba Japhet. Ya ce ƙauyen sabis bai cika samuwa ba, yawanci sai tsohon ya hau tudu, wani lokaci sai a yi kwana uku ba a same shi ba. Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ma haka. Keziah ta durƙusa a tsakiyar gwangwanayen fenti tana kiran sunan Yesu a ranta, tana cewa in dai aka same shi ta daina musu har ta mutu.

Na huɗu ya shiga.

Lukuman ya sa a lasifika. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Baba, ina Dawuda? Ka ce mai ya bar gonar yanzu, ya shiga daji, kar ya dawo gida sai na zo."

Tsohon ya yi dariya daga can, muryarsa tana yankewa tana dawowa. Ya ce yau dai Dawuda ya yi farin jini. Shekara takwas ba mai nemansa sai Lukuman, yau ga baƙo ga waya.

"Wane baƙo, Baba?"

"Ɗan'uwansa, daga Zuru. Mutum mai ladabi, har goro ya kawo mani. Ya ce kar in aika a kira shi, so yake ya ba shi mamaki."

Keziah ta riƙe hannun Lukuman da ƙarfi.

"Shina nan gidan?"

"A'a," in ji Baba Japhet. "Ni da kaina na raka shi har bakin hanyar gonar. Yanzu na dawo."